Za a yi wa ƙanena aikin zuciya, an ce a fara da gyaran baki: ina haɗin baki da huhu?

Maman Nafisa, Tawa

Assalamu alaikum. Ina neman bayani daga ma'aikatan lafiya da ke wanga zaure. Ƙanena shekararshi 34, ɗaya daga ƙofofin zuciyarshi ta lalace tun ciwon gaɓɓai na yarinta, kuma lokotoron zuciya a Yamai ya ce sai an canza ta. Saura sati biyar a yi aikin. Cikin takardun da anka ba mu akwai ta zuwa wurin likitan haƙori, akwai kuma odonans ta ruwan kurkure baki, wai don kada ya kamu da ciwon huhu bayan aiki. To ina ruwan baki da huhu? Yaushe za ya fara kurkurewar, kuma sau nawa? Yana shan Sintrom, maganin hana jini daskarewa, in ya sa buroshi dasashinshi na jini, shi ya sa ya bari ya koma asuwaki kaɗai. Mutum ne mai shayi da goro. Kuma in ya shiga reya, ɗakin masu tsananin ciwo, mu ƴan jinya akwai abin da za mu iya yi?

Majo Sani, ɗakin reya, Yamai

Wa alaikumus salam Maman Nafisa. Allah ya ba shi lafiya, ya sa a yi a sa'a. Wanda ya rubuta muku takardun nan ya san aikinsa, kada ku ɗauke su ƙarin wahala.

Baki da huhu hanya ɗaya suka haɗa. Ko mai lafiya, in yana barci ɗan yawu kan zurara zuwa maƙogwaro, amma tari yana koro shi. Ranar aiki ana kashe wannan tsaron da gangan. Za a sa shi barci, a zura tiyo ta baki har cikin maƙogwaro, na'ura ta riƙa yi masa numfashi. Kusa da ƙarshen tiyon akwai ɗan balo da ake hurawa ya toshe gefe, sai dai ba ya toshewa gaba ɗaya. Yawu da majina suna taruwa a samansa, suna sulalewa kaɗan-kaɗan su gangara huhu, kuma duk ƙwayar cutar da ke maƙale a haƙori da dasashi da bayan harshe, da ita suke tafiya.

Mai aikin zuciya ya fi sauran masu fiɗa shiga haɗarin. An tsaga ƙashin ƙirji an ɗaure da waya, tari ya zama azaba, sai mutum ya riƙa numfashi sama-sama. Kuma lokacin da na'ura ke riƙe da aikin zuciya da huhu, huhun a kwance yake babu iska, bayan an gama ƙasansa kan yi jinkirin buɗewa, musamman na hagu. Inda iska ba ta kai, majina ta kwanta, nan cuta ke kama. Ga wani abu da mutane ba su sani ba: cikin kamar kwana 2 da kwanciya asibiti, ƙwayoyin bakin marar lafiya suna canzawa. Na asibiti irin su Klebsiella da Pseudomonas da Staphylococcus aureus su samu wurin zama a cikin farin dattin nan mai yauƙi da ke bin gindin haƙori, kuma su ba sa jin ƙananan magunguna. Dattin nan kamar ƙanzon tukunya yake, zuba ruwa ba ya fidda shi, sai an sa hannu an goge.

Maganar reya kuwa, muddin tiyo na bakinsa aikin ma'aikata ne, ɗan jinya ba ya taɓawa. Amma ya kyautu ki san yadda ake yi don ki iya tambaya cikin ladabi. Ana ɗaga kan gado tsakanin digiri 30 zuwa 45. Kafin a sa ko ɗigon ruwa a baki ana auna iskar balon da ma'auni, ta kasance tsakanin 20 da 30 na santimitan ruwa. In ta gaza 20, ruwan wankin da kansa zai bi gefe ya shiga huhu, an zo gyara an yi ɓarna. In ta wuce 30 tana danne jijiyoyin jinin maƙogwaro ta yi rauni. Matsa ɗan balon da ke rataye a waje, mai nuna iskar na ciki, da yatsa ba awo ba ne, hannu yana yaudara. Daga nan a zuƙe abin da ya taru a baki da bayan maƙoshi, a ɗauki ƙaramin buroshi mai laushi irin na yara, a goge haƙora da dasashi da harshe minti 2, aƙalla sau 2 a yini. Ruwan ɗauraye ɗan kaɗan ake sawa da sirinji, ana sawa ana zuƙewa a lokaci guda, kuma ruwa mai tsabta na kwalba, ba na famfon ɗaki ba. Robar zuƙar baki daban, ta cikin tiyo daban, ba a haɗa su. Tsakanin gogewa ana jiƙa baki da leɓe kowane awa 2 zuwa 4, domin busasshen baki yana tsagewa, dattin ya yi ɓawo. Sau ɗaya a yini ana mayar da tiyon daga wannan gefen baki zuwa wancan, mutum biyu, bayan an duba lambar santimita da ke daidai leɓe, don kada ya zame ko ya nutse. Ruwan da ke taruwa cikin mesar na'ura ana zubar da shi waje, ba a ɗaga mesa ya koma wajen marar lafiya.

Naku ƴan jinya shi ne ku kawo sabon buroshi da man goge baki, ku wanke hannu kafin ku taɓa shi, kuma don Allah kada a ɗiga masa ruwa ko rubutu ko zuma a baki yana kan na'ura. Na san tausayi ke sawa, amma kai tsaye huhu zai nufa.

Dakta Ramatu, likitar haƙori

Ƴar'uwa, sati biyar lokaci ne mai kyau, amma kada ku ci shi da jira. Ya je a duba bakin cikin satin nan. Dalili shi ne in akwai haƙorin cirewa, ana son a gama aƙalla sati 2 kafin a sa sabuwar ƙofar, ramin ya samu ya rufe. Zuwan nan tsuntsu biyu yake jifa: rage ƙwayoyin da za su gangara huhu, da kuma rufe hanyar da suke bi ta jini su je su manne wa ƙofar roba ko ta ƙarfe. Wannan na biyun ciwo ne mai tsanani, wani lokaci sai an sake buɗe ƙirji. In babu hoton haƙora a inda kuke a Tawa, a haɗa duka a Yamai, ya tafi da takardar lokotoron zuciya da ɗan littafin INR ɗinsa, wato awon saurin daskarewar jini da ake yi wa mai shan Sintrom.

Abin da za a nema: ruɓaɓɓen haƙori mai ƙurji a gindi, guntun saiwa da ya rage a dasashi, haƙori mai girgiɗi, da dattin da ya daskare ya zama dutse, wanda sai da na'ura ake kankare shi. Ba kowane mai rami ake cirewa ba. Wanda ke cikuwa a cike shi. Ni ban yarda da share baki kaf ga mai raunin zuciya ba, domin cire haƙora da yawa a zama ɗaya shi ma nauyi ne a kan zuciyar. Mai girgiɗi kuwa dole a gaya wa mai sa barci, saboda ƙarfen da ake buɗe baki da shi wajen sa tiyo yana iya fizge shi ya faɗa hanyar iska.

Yanzu maganar jini, wadda ita ce ta fi damuna a saƙonki. Dasashi mai lafiya ba ya zubar da jini don an goge shi a hankali, ko da ana shan Sintrom. Jinin alamar kumburi ne, kumburin kuma dattin ne ya kawo shi. Da ya bar buroshi, dattin ya ƙaru, jinin zai ƙaru. Ya koma gogewa yau da buroshi mai laushi. A karkata gashin ya fuskanci inda haƙori ya haɗu da dasashi, a riƙa ɗan jujjuyawa a wuri ɗaya, haƙori biyu-biyu, waje da ciki da saman tauna, ba a ja da ƙarfi dama da hagu ba. Minti 2 cikakku da agogo, safe da kuma dare bayan abincin ƙarshe, sannan harshe daga baya zuwa gaba. Galibi cikin sati 1 zuwa 2 jinin yana raguwa sosai. In kuwa jini na zuwa haka kawai ba a taɓa ba, ko haɓo, ko tabon jini a fata, wannan ba na haƙori ba ne, a auna INR a ranar.

Kada ya dakatar da Sintrom da kansa don zai cire haƙori. Ana auna INR cikin awa 24 kafin cirewa, in yana cikin iyakar da aka sa masa kuma bai kai 4 ba, ana cirewa a ɗinke, ya ciji kompires minti 20 zuwa 30. Ranar ba kurkure mai ƙarfi, ba shayi mai zafi, ba tsotsar wurin. Dakatar da maganin kafin babban aikin kuwa, masu aikin ne za su faɗi ranar da abin da zai maye gurbinsa.

Asuwaki ban raina shi ba. Ɗanye mai laushi yana goge gaban haƙora da kyau, ya ci gaba da shi lokacin alwala. Inda yake gazawa shi ne cikin turame ta wajen harshe, saboda a miƙe yake ba ya lanƙwasa. A riƙa yanke bakin da aka yi aiki da shi kullum. Gawayi da toka da tsinken sakace a ajiye su, suna yanka dasashi. In yana sa taba gari a leɓe ya daina yanzu, sigari ma haka, ana son a samu aƙalla sati 4 ba hayaƙi kafin aiki.

Bayan an sa masa sabuwar ƙofa, har ƙarshen rayuwa, duk aikin haƙorin da zai taɓa dasashi sai ya sha amoksisilin gram 2 minti 30 zuwa 60 kafin a fara, sha ɗaya. In jikinsa ba ya karɓar penisilin, ko yana kan allurar penisilin ta wata-wata ta masu ciwon gaɓɓai, ya faɗa, a ba shi wani irin daban.

Malam Illiyasu, farmasi

Zan tsaya kan kwalbar ruwan kurkure bakin, don a nan ake yawan ruɗewa a kanta.

Abin da ake nufi shi ne wanda aka rubuta chlorhexidine 0,12 % a jikinsa, na baki. Amfaninsa shi ne yana manne wa dasashi da haƙori ya ci gaba da aiki awanni bayan an tofar. An gwada shi sosai a kan masu aikin zuciya. A wani babban gwaji da aka yi a Amsterdam, aka wallafa a 2006, kan mutum sama da 900, waɗanda aka yi wa kurkure da shi tare da shafa shi a hanci, ciwon hanyar numfashi ta ƙasa ya kama kusan 9 cikin 100, waɗanda ba a yi wa ba kusan 16 cikin 100. Bambanci ne babba ga abu mai sauƙin kuɗi haka.

Yadda ake yi: mililita 15, wato cokalin miya ɗaya, ko abin da odonans ta faɗa, a kurkure daƙiƙa 30 har da gargasa maƙoshi, a tofar, ba a haɗiyewa. Kada a ɗauraye da ruwa, kada a ci ko a sha komai sai bayan minti 30. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a goge da man baki a bi da shi nan take. Sinadarin da ke sa man kumfa yana kashe ƙarfin maganin. A bar minti 30 tsakani, ko a ɗauraye man sosai da ruwa tukuna.

Ki duba kwalbar da kyau. Eludril da aka saba gani 0,10 % ne, ana sirka shi da ruwa kuma akwai alkol a ciki, in an sirka ƙarfinsa ya sauka ƙasa da abin da ake nema a nan. Irin su Paroex 0,12 % ne, babu alkol, ba a sirkawa. In babu wanda aka rubuta, a koma wa lokotoron ya zaɓi madadi. Abin da nake gargaɗi da babbar murya: akwai mai irin wannan suna na wanke fata kafin fiɗa, akwai kuma na cibiyar jarirai. Waɗannan sun ninka na baki ƙarfi sau da yawa, suna ƙona baki, ba a sa su ko an sirka.

Kada ya fara tun yanzu. Ba maganin sati biyar ba ne. Akasari ana farawa kwana 1 zuwa ƴan kwanaki kafin aiki, a yi na ƙarshe da safen ranar, sai dai in Dakta ta rubuta masa na ƴan kwanaki bayan cire haƙori. In aka daɗe ana yi, haƙora da harshe suna yin baƙi-baƙi, ɗanɗano ya canza, kuma ga mai shayi da goro tabon ya fi saurin kamawa. Ya rage su a kwanakin. In leɓe ya kumbura, ko ƙaiƙayi, ko numfashi ya yi nauyi bayan kurkurewa, a daina a gaya wa masu aikin kafin ranar, domin da irinsa ake wanke ƙirji.

Abu biyu da mai shan Sintrom zai kiyaye. Ciwon haƙori ba a sha masa ibuprofen ko diklofenak ko asfirin na masu talla, farasitamol kaɗai. Sannan in farin tabo ya fito a harshe bayan aiki, abin da ke faruwa bayan maganin ƙwayoyin cuta, kada a sayi man baki na mikonazol, wato Daktarin. Yana haukata INR, mutum ya zubar da jini ta ciki. Akwai wasu da ba sa yin haka, lokotoro zai rubuta.

Maman Nafisa, Tawa

Allah ya saka muku da alheri, yanzu na gane. Mun samu ganin likitan haƙori ranar Litinin. Saura guda: sunka ce ba ci ba sha tun daren aiki, to za ya iya goge baki da safe? Kuma in anka cire tiyon shi ke nan haɗari ya wuce?

Lokotoro Abdu, mai sa barci

Ya goge, Maman Nafisa, ana ma son haka. Goge baki da kurkurewa ba sa karya azumin fiɗa muddin an tofar. In yana da haƙoran roba a cire su a ba ki.

Kafin na zo ga tambayarki ta biyu, ina da ƙari kan maganar Malam Illiyasu, saboda majo-majo da ke karatu a nan. Abin da ya faɗa daidai ne ga mai aikin zuciya, wanda yake farawa yana farke, yana tofarwa, kuma tiyon ba ya daɗewa. Amma kada a ɗauke shi a shimfiɗa wa kowa a reya. Wani nazari na 2014 da ya tattara gwaje-gwaje da yawa ya nuna amfanin a fili yake ga masu aikin zuciya, ga sauran masu kwanaki a kan na'ura kuwa bai tabbata ba, har an ga alamar zai iya cutarwa, ana zaton saboda yana sulalewa huhu. Shi ya sa ƙa'idojin Amurka na 2022 suka sa buroshi a gaba ga marasa lafiyan reya, suka janye daga zuba maganin ga kowa. A ƙarshen 2023 ma wani nazari na gwaji 15 ya nuna goge haƙori kullum yana rage ciwon huhun asibiti, musamman ga waɗanda ke kan na'ura. Don haka in abin ya yi tsawo, aka kwana uku huɗu da tiyo, shawarar ci gaba da maganin ta lokotoron reya ce, amma buroshi ba ya tsayawa. Shafa kompires mai magani a leɓe a rubuta an yi wankin baki, wannan ba wanki ba ne.

Haɗari kuwa bai wuce da cire tiyo ba. Yawanci ana cirewa cikin awanni, kuma kowane ƙarin yini a kan na'ura ƙarin haɗari ne, to cirewar babban mataki ce. Sai dai maƙoshi yana fitowa a gajiye, ga tiyon, ga kuma na'urar hoton zuciya da ake yawan zurawa ta hanyar abinci lokacin aiki. Haɗiya kan rikice na ɗan lokaci. Kurɓar farko majo ne ke bayarwa, yana zaune tsaf, cokali ɗaya na ruwa. In ya ƙware, ko muryarsa ta koma kamar mai ruwa a wuya, a tsaya a sake gwadawa daga baya. Kada a ba shi fura ko kunu yana kwance, kuma bayan cin abinci ya zauna aƙalla minti 30.

Daga nan aikinku ya fara. Gogewa ta koma sau 2 zuwa 3 a yini, yana zaune, da ɗan kwano a gabansa. Tunda ba a son ya yi ta ɗaga hannu da ƙarfi, ki taimaka masa ranakun farko. A ɗauraye buroshin a tsayar da shi kai sama ya bushe, ba a ƙulle shi cikin leda da danshi ba. Iskar oksijin da maganin fitsari suna busar da baki, in lokacin hunturu ne abin ya ninka, a riƙa jiƙa shi ko da an ƙayyade masa ruwan sha. Kada a shafa bazilin a leɓe ko hanci yana kan oksijin, a nemi mai na ruwa.

Tari dole ne. Ya rungume matashi a ƙirji ya danna, ya ja dogon numfashi, ya riƙe daƙiƙa 3, ya yi tari. Dogon numfashi sau 10 kowace awa in yana farke. Ya koyi wannan tun yanzu a gida, don koyo cikin ciwo yana da wuya. In zafi ya hana shi tari ya nemi magani, jurewa a nan ba jarumta ba ce, majina ce ke taruwa. Kuma da zarar an ce ya sauko ya zauna a kujera ko ya taka, ya yi, ko da ranar farko ce.

Bayan kun koma Tawa, zazzaɓin da ya kai 38, tari mai kaki ruwan ɗorawa ko kore, numfashi da sauri, ko ruɗewa, a kai shi asibiti a ranar. A yi gwajin zazzaɓin sauro, amma ko ya nuna akwai, a gaya musu yana da sabuwar ƙofar zuciya. Kada ya sha maganin ƙwayoyin cuta kafin a ɗebi jinin da za a shuka a gano ƙwayar, domin sha ɗaya na iya ɓoye ta, kuma yawancin magungunan nan suna canza INR. Ku riƙe lambar sashen da aka yi aikin, lokotoron Tawa ya kira su kafin a fara magani.